Wace fulawa ce ke jure zafin garin Garwa na Kamaru?

Maman Hafsat (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar shuka ku taimaka min. Akwai ɗan fili jikin katangarmu wajen ƙofar shiga, ina so in cika shi da ƙananan furanni masu kala irin waɗanda ake jerawa gaban otal, na je pepiniyer ɗin bakin hanya, wato wurin da ake sayar da dashe, na gan su birjik cikin baƙaƙen leda amma yaron wurin duk wadda na nuna sai ya ce tana jure rana. Wurin nan rana na dukansa tun hantsi har la'asar, ga shi muna Fabrairu zafi ya ƙarato. Wacce zan ɗauka kuma ya ake gane mai lafiya?

Baba mai lambu (Marwa):
Wa alaikumus salam 'yata. Abu na farko kar idonki ya tafi kan wadda ta fi cika da fure, galibi ta daɗe a leda, saiwarta ta naɗe. Ɗaga ledar ki duba gindin, in saiwa ta huda ta kama ƙasa har sai an fizge, bar musu abarsu. Ki ɗauki gajera mai rassa da yawa, ganye kore shar, furen bai gama buɗewa ba. Ki juya bayan ganyen ma, in fararen ƙwari ƙanana suka tashi kar ki kai su gidanki.

A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40, to wadda na yarda da ita a irin wurin nan purpiye ce, mai ganye kamar ƙwayar shinkafa cike da ruwa, tana shimfiɗa a ƙasa, fure ya buɗe da rana ya rufe da yamma, kuma ko reshe kika karya kika soka a yashi sai ya kama. Sai pervansh, fara da ruwan hoda, ita yawan ruwa ne ma ke ruɓar mata da saiwa. Amma tana da guba, in akwai akuya ko yaro mai kai komai baki a kula.

Hajiya Ladi (Ngaundare):
Ni dai petuniya nake so wallahi, babu mai kyanta, nawa sun cika baranda kuma da daddare ga ƙamshi.

Abban Yusuf (Njamena):
Hajiya ai ku kuna kan tudu, Ngaundare ta fi mita 1000 sama da teku, sanyinku daban. Mu nan da Garwa petuniya sai a dasa ta Nuwamba ta yi ado cikin hunturu, zafi na shigowa ta langaɓe. Wanda ya saya yanzu ya zubar da sefarsa. Maman Hafsat ki ƙara da ziniya, ita ba sai kin sayi dashe ba, ba ta ma son a taɓa mata saiwa, ki sayi fakitin iri ki shuka a wurin kai tsaye, cikin sati ta tsiro, wata biyu kin ga fure. Sai dai tana shan ruwa fiye da purpiye.

Maman Hafsat (Garwa):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba to ƙasar fa? Tamu tauri gare ta, kuma maƙwabcinmu na da kashin shanu.

Baba mai lambu (Marwa):
In sabo ne kar ki sa, zai ƙone su, sai wanda ya daɗe ya yi baƙi ya daina wari. Ki haɗa da yashin kogi, Binuwai na kusa da ku. Dashe kuma da yamma bayan la'asar, ki yaga ledar a hankali kar ƙasar ta warwatse, ki ba su ruwa a gindi, ki ɗan kare su da tsohuwar tabarma kwana uku zuwa huɗu kafin ki sake su ga rana.