Wa ya taɓa ɗaukar alƙawarin karance littattafansa a shekara ɗaya kuma ya cika?

Ɗan Ƙofar Mata ya rubuta:

Salamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema don Allah, kar a yi min dariya. Baba Allah ya jiƙansa ya bar mana wata adaka ta ƙarfe cike da littattafai, da aka zo rabon gado babu wanda ya ko kalle ta, ni na ce a ba ni, aka ba ni har ana murna an rage kaya. Shekara huɗu kenan tana ƙarƙashin gado, in na jawo ta sai in buɗe in shaƙi warin tsohuwar takarda in yi atishawa in mayar. Farkon 2025 na ce a'a wannan abin kunya ne, na samu takarda na rubuta guda 12, kowane wata ɗaya, na liƙa a bayan ƙofar ɗaki da salatif. Janairu na cinye Ruwan Bagaja cikin kwana uku ina jin kaina wani shege, Fabrairu na kama Magana Jari Ce na ɗaya na kai wajen rabi, sai azumi ya shigo ya cinye Maris gaba ɗayansa, ga tafsiri ga tarawi ga kasuwa, bayan salla kuma na ce bari in huta kwana biyu, to kwana biyun nan ne har yau ba su ƙare ba. Takardar tana nan a bayan ƙofa, madam har ta rubuta lambar mai gas a ƙasanta.

Yanzu ina so in sake ɗaura ɗamara. Tambayoyina: 12 ɗin ta yi yawa ne ga mai zaman shago daga safe zuwa magariba? Magana Jari Ce littafi ɗaya ne a lissafi ko uku? Kuma in mutum ya kama littafi ya ji ba ya shigarsa, ya halatta ya ajiye ya ɗauki wani ko kuwa ha'inci ne?

Tsohon Malamin Aji ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya bar maka abin da ya fi fili a wurina, ko da yake na san 'yan'uwanka ba za su yarda ba.

Magana Jari Ce uku ne, kar ka cuci kanka. Kowane kundi da kansa yake, kuma ba irin littafin da ake zama a shanye ba ne, ai shi kansa akun da ke ba Musa ɗan sarki labaran nan dare dare yake bayarwa don ya hana shi fita, to kai me ya kai ka haɗiya? Labari ɗaya bayan isha ya ishe ka. Kuskurenka na bara a nan yake, ka fara da mai daɗi gajere sannan ka faɗa wa dogo ana gobe azumi.

Tunda ka ce adakar tsoho ce ina kyautata zaton ba za a rasa 'yan biyar ɗin nan na gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 ba, wadda Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East ɗin. Duka sirara ne, babu wanda zai kai ka mako guda ko da kana auna wa mutane kaya. In ka jera su a jere akwai abin da za ka gani wanda ba a gani in an karanta ɗaya yau ɗaya baɗi. Mutum biyar aka ba aiki iri ɗaya a lokaci ɗaya, ga shi babu wani ƙagaggen labari na boko a gabansu da za su kwaikwaya, kowa sai ya koma ga abin da ya sani. Imam ya tafi wajen barkwanci da yawon duniya, jaruminsa Alhaji Imam da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe suna ta rama wa juna. Kagara ya ɗauko yaƙin zuwan Turawa daga Kontagora sannan ya zarce da jaruminsa ƙasar aljanu. Ɓalewa kuwa bai yi wasa ba ko kaɗan, bauta ya rubuta da ratsa hamada da uwar da ta bi sawun ɗanta, na koyar da littafin nan shekaru a aji kuma duk sanda muka iso wajen uwar nan sai aji ya yi tsit, har 'yan bayan aji masu cin gyaɗa.

Sirarran nan ka ajiye biyu domin watan azumi da watan babbar salla, sauran ka raba. Batun ajiye littafi kuwa, ni dokata shafi 30 ce. In na kai 30 ban ji komai ba na ajiye, amma sai na rubuta a bayan takardar dalilin da ya sa. Sau da yawa wajen rubuta dalilin sai in ga ba littafin ne da laifi ba, barci nake ji.

Maman Biyu ta rubuta:

Hhhh lambar mai gas, wallahi matarka ta burge ni.

Ni fa yaya in faɗa maka gaskiya ba yawan littafin ne matsalarka ba, waya ce. Ka duba wayarka wajen da take nuna awa nawa ka yi a kanta yau, in ba ka ji kunya ba ka zo ka ce min ƙarya nake. Ni da nake faɗa ma haka nake, novel ɗin WhatsApp ina iya karanta feji 60 a dare ɗaya ina jijjiga yaro da ƙafa, amma littafin takarda da na saya da kuɗina ya shekara biyu a cikin durowa ko ledarsa ban cire ba, saboda ita waya tana hannu shi kuma sai an tashi an ɗauko an kunna fitila, in babu wuta kuma shikenan magana ta ƙare.

Abin da ya yi min aiki bana shi ne na daina ajiye littafin a ɗaki, na mayar da shi kicin, saman firji. Kafin wake ya nuna na yi shafi goma. Duk ya yi ɗigon manja amma dai na gama shi, da na barshi fes a durowa fa? A haka na karance So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed wanda tun muna sakandare ake ce mana shi ne na farko da mace ta rubuta aka buga a 1980, ban taɓa karantawa ba sai dai in gyaɗa kai in ana maganarsa kamar na sani. Da kuma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, wannan kam na ƙona miya a kansa.

Kai ma ka kai naka shago ka sa kusa da kalkuleta. Tsakanin azahar da la'asar ai ba wani ciniki ake ba.

Sannan Malam da girmanka, jerin nan naka duk maza ne kuma duk na zamanin Turawa, a saka mana mata ko biyu mana. Mu da muka taso da littafin haya, ka ba mai shago 'yan canji ka kai gida ka ɓoye cikin littafin lissafi kar Umma ta gani, a dawo da shi gobe ko a ci tararka, ba mu taɓa rubuta wani jeri ba kuma a wata sai mu cinye ashirin. Tsoron tara ne ya sa muke gamawa, ƙila kai ma abin da kake buƙata kenan, wanda zai ci tararka.

Tsohon Malamin Aji ya rubuta:

Hajiya ai ba ni na cika adakar ba, abin da nake zaton yana ciki na lissafa. Amma kin yi gaskiya, in ya samu ya ƙara. Maganar tara kuwa ban taɓa tunaninta ba, kuma ta fi dokata ta shafi 30.

Bamaraɗe ya rubuta:

Sannunku da hira. Ni daga Maraɗi nake bibiyarku. Mu nan samun littafin ma shi ne aikin, sai wani zai shiga Katsina ko Kano ka ba shi saƙo, shi kuma ya dawo ya ce maka ya manta ko ya kawo maka na biyu babu na ɗaya. Saboda haka kai da kake da adaka guda a ƙarƙashin gado ban ga abin da zai sa in tausaya maka ba ɗan'uwa, sai dai in yi maka hassada mai kyau.

Ni ba na lissafi da Janairu. Daga Muharram nake farawa, saboda haka na san daidai inda azumi zai same ni, wata na tara, kafin nan na yi takwas, Ramadan kuma ba na sa komai a cikinsa sai Alƙur'ani, jerina 11 ne ba 12 ba. Kai ka sa wa kanka littafin hira a watan da ko barci ba ya isar mutum, dole ka faɗi, kuma da ka faɗi sau ɗaya sai zuciya ta ce ai an riga an ɓata.

Abu ɗaya da zan ƙara, in akwai waƙoƙi a adakar kamar Imfiraji na Aliyu Namangi kar ka sa su a lissafin wata. Na gwada, na karanta da ido kamar jarida ban ji komai ba, sai ranar da wani tsoho makwabcinmu ya karɓa ya rera baiti kaɗan da muryarsa, tsigar jikina ta tashi. Shi mai waƙar makaho ne, da baki ya yi ta don kunne, ba a yi ta don a yi mata tik a takarda ba.

Ɗan Ƙofar Mata ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam na jawo adakar yanzun nan, huɗu daga cikin biyar ɗin suna nan, Idon Matambayi ne babu, Ganɗoki kuma gara ta ci bangon baya da shafi biyu na ƙarshe, in wani yana da shi ya ɗauko min hoton ƙarshen don Allah. Na kuma tarar da rasit ɗin kuɗin makarantata na firamare a tsakiyar Shaihu Umar, da shi Baba ya yi alamar inda ya tsaya, shafi na 22. Na daɗe zaune a ƙasa riƙe da shi.

Na sake jerin, 11 kamar na Bamaraɗe, Magana Jari Ce a matsayin uku, azumi babu komai, na bar gurbi biyu na mata sai na leƙa wajen masu littattafai a Sabon Gari. Maman Biyu na duba wayar kamar yadda kika ce, ba zan faɗi abin da na gani ba. Batun tara kuma na yi kuskuren karanta wa madam amsarki da ƙarfi, ta ce ita za ta riƙa karɓa, duk watan da ban gama ba kilo ɗaya na nama, har ta ɗauko biro ta rubuta a ƙasan lambar mai gas.

Maman Biyu ta rubuta:

Kilo ɗaya ya yi kaɗan, ki ce biyu 'yar'uwa in kina gani. Da Shaihu Umar za ka fara ko?

Ɗan Ƙofar Mata ya rubuta:

Da shi, yana cikin aljihun rigar da zan sa gobe. Daga shafi na 1 zan faro dai, rasit ɗin kuma na bar shi inda yake.