Digirin kimiyyar kwamfuta: a wane aji ɗalibai ke tuntuɓe, kuma me ke kayar da su?

Mai duba rajistar aji ɗaya:
Assalamu alaikum. Sababbin ɗalibai na ta shigowa da tambaya ɗaya: me za a koya mana cikin shekara huɗun nan? Bari in shimfiɗa tabarma, malamai da tsofaffin ɗalibai su ɗora.

A ƙarshen 2022 hukumar NUC mai kula da jami'o'in Najeriya ta fito da sabuwar manhajar karatu mai suna CCMAS, wadda ta maye gurbin BMAS. Kashi 70 cikin 100 na kwasa-kwasan hukumar ce ta tsara, sauran kashi 30 kowace jami'a ta cike da nata. Wanda ya shigo ta JAMB yana buƙatar aƙalla yunit 120 kafin ya kammala, mai shiga aji biyu kai tsaye kuma 90. Aji ɗaya kusan duk shara fage ne: MTH 101 da 102, fiziks da firaktikal ɗinsa, STA 111, Turanci a GST 111, sai COS 101 na gabatarwa da COS 102 na dabarun warware matsala. Yara da yawa kan zo da zaton ranar farko za a fara ƙera manhajar waya, sai su tarar da kalkulas, gwiwa ta yi sanyi. Ku lura da lissafin maki: yunit 18 a zango, duka B, ya ba ka 4.00. Idan kwas ɗaya mai yunit 3 ya zama F, ka sauko 3.33, ƙasa da 3.50 da ake nema don babban mataki na biyu. Ga kuma kari-oba da zai ci maka gurbi a rajistar baɗi.

Malamin lab:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni a ganina ramin yana aji biyu, a COS 201 da 202, kwasa-kwasan koyon firogiramin. Karanta kod a handawut kamar koyon tuƙi ne a bakin mai shayi. Kurakuran da ke maimaituwa kowace shekara ba su da yawa, kuma iri ɗaya ne.

Jeri mai gurbi 10 daga 0 yake farawa ya ƙare a 9. Ɗalibi ya sa madauki, wato umarnin da ke maimaita aiki, ya kai 10, firogiram ya fashe, ya ce kwamfutar lab ce ba ta da kyau. A Java, 7/2 yana ba da 3, domin duka biyun cikakkun lambobi ne; a Python 3 kuwa 3.5 za ka gani. Nan ake samun matsakaicin makin da ba ya da ɗigo ko kaɗan. Sai kwatanta kalmomi biyu da == a Java: wannan tambaya yake ko abu guda ne a ma'ajiyar kwamfuta, ba ko haruffan sun yi daidai ba, equals ake so. Akwai kuma wanda ke sa yara kuka: ka karɓi lamba da nextInt, ka biyo da nextLine don karɓar suna, sai firogiram ya tsallake sunan. Dalili shi ne alamar shiga sabon layi da aka danna bayan lambar tana nan a ajiye, ita nextLine ɗin ya haɗiye. Ƙara nextLine guda a tsakani ya share ta.

Saƙon kuskuren da kwamfaila, manhajar da ke fassara kod, ke fitarwa yana ɗauke da lambar layi. A karanta na farko kawai, a gyara, a sake gwadawa. Sau da yawa alamar rufe layin kod (;) guda da aka manta ita ke haifar da jan rubutu goma.

Tsohuwar ɗaliba, mai rubuta sofwaya:
Ƙannena, wata gaskiya da ba a rubuta a manhaja ba: jarrabawar firogiramin a takarda ake yin ta a wurare da dama, da biro. Don haka ku iya bin kod da hannu. Ku zana tebur, kowane ma'ajin ƙima da layinsa, ku riƙa cike abin da ke cikinsa a kowane zagayen madauki. Wanda ya saba da wannan ba ya tsoron tambayar "me wannan zai fitar?"

Batun laftof kuma, ba sai mai tsada ba. Tsohuwa mai RAM 8GB da SSD za ta kai ku aji huɗu. Batir ya fi komai, kun san halin wuta.

Mai koyar da lissafin diskirit:
Kwas ɗin da aka fi rainawa shi ne CSC 203. Babu kwamfuta a ciki, sai mantiƙi, rukunoni, alaƙoƙi, zanen ɗigo da layi, da kafa hujja mataki-mataki. Ana haddace shi a zubar a ɗakin jarrabawa. To amma teburin gaskiya da ƙarya shi ne zai dawo a IFT 211, kwas ɗin mantiƙin na'urorin dijital, da sunan ƙofofin AND, OR da NOT. Rukunoni da alaƙoƙi su ne ƙashin bayan rumbun bayanai a aji uku. Hujjar da ake kafawa daga n zuwa n+1 ita ce tunanin da ke ƙarƙashin fankshin mai kiran kansa. Wanda ya bar ta a aji biyu zai rubuta irin wannan fankshin ba tare da sharaɗin tsayawa ba, ya yi ta kiran kansa har ma'ajiya ta cika.

Malamin lab:
Haka ne, ranka ya daɗe. Kuma CSC 301, tsarin jera bayanai, nan ne ake rabuwa tsakanin aya da tsakuwa. Jerin sarƙa kaɗai ya ishe misali. Za ka saka sabon ƙulli a tsakiya: sai ka fara ɗaura sabon ga na gabansa, sannan ka juyo da na baya ya kama sabon. In ka juya tsarin, rabin sarƙar ya ɓace, ba abin da ke nuni gare shi. A zana akwatuna da kibiyoyi a takarda kafin a taɓa madannai.

Ga lambobin da ya kamata kowa ya riƙe kafin CSC 401, kwas ɗin algoridim, wato matakan warware matsala. Neman suna ɗaya cikin miliyan ɗaya da aka jera bisa haruffa, in kana raba jerin biyu kowane mataki, ba ya wuce mataki 20. Bi ɗaya-ɗaya na iya kai ka miliyan. Jera abubuwa 100,000 ta hanyar musanya maƙwabta yana cin kwatance kusan biliyan 5, ta hanyar rabawa da haɗewa kuwa wajen miliyan 1.7. A kan abubuwa goma na aikin aji ba a ganin bambancin, shi ya sa ɗalibai ke ɗauka surutun malamai ne.

Injiniyan netwok:
Ni dai ina da ja kaɗan. Kun cika nauyin a kan lissafi da algoridim, alhali da yawa daga cikin yaran nan ta hanyar netwok da rumbun bayanai za su ci abinci. Kwas ɗin sadarwa yakan ƙare a haddace matakai bakwai na OSI, tsarin da ke bayyana yadda saƙo ke tafiya a netwok, yaro bai taɓa matse kan kebul ba. A sauke Packet Tracer, manhajar gwajin haɗa netwok, a haɗa kwamfuta huɗu da suwic ɗaya, a raba adireshi. A san cewa wajen raba adireshin IP, /24 na ba da adireshi 254 masu amfani, /26 kuma 62, domin cikin 64 ɗin na farko na netwok ne, na ƙarshe na shela.

Tsohuwar ɗaliba, mai rubuta sofwaya:
Yaya Injiniya, ba a musu. Ƙari a kan rumbun bayanai: kuskuren da ya fi yawa shi ne tebur ɗaya ƙato, sunan ɗalibi da sashensa da kwas da maki duk a layi guda. Ranar da sunan sashe ya canza sai an gyara layi ɗari biyar, a manta uku. A raba: teburin ɗalibai, teburin kwasa-kwasai, teburin rajista mai haɗa su da lambobin shaida. Kuma Git, manhajar adana tarihin canje-canjen kod, ko an koyar ko ba a koyar ba, ku koya tun aji biyu. Awa biyu sun isa a kama add, commit da push.

Mai kula da SIWES:
SIWES shiri ne na tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, Asusun Horon Masana'antu (ITF) ne ke kula da shi. Wasu jami'o'in kan raba shi biyu, bayan aji biyu da bayan aji uku, wasu su haɗa wata shida a aji uku. A fara neman wuri tun zango guda kafin lokaci. Wanda ya makara shagon hoto da buga takardu yake ƙarewa. Logbuk kullum ake cike shi, mai kula da kai a wurin aiki ya sa hannu duk mako. Wanda aka cike a dare ɗaya da biro ɗaya ba ya ɓuya ga malamin da ya zo duba.

Sufabaizan firojet:
Firojet kashi biyu ne, CSC 497 da 498, ga COS 409 na dabarun bincike da rubuta rahoto. Take mai faɗi shi ke kashe ɗalibi. "Tsarin gudanar da asibiti" ba zai ƙaru a zango biyu ba. Layin ganin likita a sashe ɗaya zai ƙaru. Babi na uku ya dace da abin da aka gina: kar zane ya nuna tebur takwas, rumbun ya ƙunshi uku.

Ranar difens abubuwa uku ke ba da kunya. An kwafe fayilolin PHP zuwa wata laftof an manta fitar da rumbun MySQL, shafi ya buɗe fari fat. Apache, sabar da ke buɗe shafin, ya ƙi tashi a kunshin manhajoji na XAMPP domin wata manhaja ta riƙe ƙofa ta 80. A mayar da shi 8080 tun a gida. Sai majigin sashe mai VGA, laftof kuma HDMI kawai gare ta. Masu jarrabawa kan buɗe teburin masu amfani su duba ko kalmomin sirri na zaune tsirara, sannan su nuna layi ɗaya su ce a yi bayani. Kod ɗin da aka saya, ko wanda ChatGPT ya rubuta ba a karanta ba, a wannan layin yake tonuwa.

Mai duba rajistar aji ɗaya:
Allah ya saka da alheri. Sababbi, lambobin kwasa-kwasan kashi 30 ɗin nan sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka ku karɓi littafin sashenku ku kwatanta da fom ɗin rajista kafin kodineta ya sa hannu.