Neman bayani kan baje kolin sassaƙe-sassaƙe na ArtZuid a Amsterdam

Baƙuwar Utrecht:
Assalamu alaikum. Abokan karatuna suna shirin zuwa kallon sassaƙe-sassaƙen zamani da ake bajewa a kan titi a wata unguwa ta kudancin Amsterdam, kuma sun nemi in taho da yarana. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su bayyana mini yadda yake, da kuma ko ya dace da yara, domin ba na son in kwashe su mu tafi kallon gumaka.

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam, Malama. Sunan baje kolin ArtZuid, an fara shi a 2009, kuma ana yin sa duk bayan shekara biyu, daga wajen watan Mayu zuwa Satumba. Babu ƙofar shiga, babu kuɗin tikiti, domin ana girke ayyukan ne a kan ciyawar da ke tsakiyar titunan Apollolaan da Minervalaan. Unguwar kanta abin kallo ce, tun da an gina ta ne bisa tsarin da Berlage, wani masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Holland, ya zana, tsarin da hukumar birnin ta amince da shi a 1917, ga tituna masu faɗi, ga dogayen gidaje na jan bulo. A ganina wannan ne ya sa baje kolin ya fi wanda ake yi a cikin gidan tarihi armashi, saboda mutum yana iya zagaya aikin ta kowane ɓangare, ya ja da baya ya gan shi tsakanin bishiyoyi da gidajen mutane, alhali mazauna unguwar suna wucewa abinsu. Jirgin ƙasa daga Utrecht zuwa tashar Amsterdam Zuid bai kai rabin awa ba, daga nan kuma da ƙafa za ku ƙarasa.

Uwar Biyu:
'Yar'uwa, damuwarki tana kan hanya, amma amsar ta danganta da shekarar da kika je, domin akan ɗora wa wani masani alhakin zaɓen ayyukan, kamar yadda Rudi Fuchs, tsohon daraktan gidan tarihin Stedelijk, ya yi a 2015. Wasu ayyukan ƙarfe ne ko dutse da aka sarrafa ba tare da siffar wani abu mai rai ba, wasu kuwa mutum-mutumi ne sak, kuma a Turai ba a ɗauki tsiraici a sassaƙa a bakin komai ba. Shawarata ita ce ki duba hotunan ayyukan a shafin masu shiryawa kafin ku tashi, ki zaɓi inda za ku bi.

Malamin Zane:
Ban yarda da Malam Ɗan Zazzau gaba ɗaya ba. Titi yana danne ƙaramin aiki, shi ya sa masu zaɓe suke karkata ga manya masu ɗaukar ido, waɗanda ba lallai ne su fi kyau ba. Ga yara kuwa, Hajiya, abin kiyayewa shi ne kekuna: za ku riƙa tsallaka titi daga wannan ciyawa zuwa waccan, masu keke kuma ba sa son tsayawa, don haka ki riƙe hannunsu. Ki kuma hana su hawa kan ayyukan, ko da kin ga babu shinge.

Baƙuwar Utrecht:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan duba hotunan tukuna, sannan in ba abokan nawa amsa.