Wa Ya Raɗa Wa Kuka Suna?

Dattijon Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Jikata ta kwana tana haddar sunayen itatuwa da wani yare, wai jarrabawa gare su. Na ce ta karanto mani, sai na ji kukar ƙofar gidanmu ta koma *Adansonia digitata*. Abin ya tsaya mani a rai.

Da sunan Rabbu nika farawa,
Shi ya yi kuka, ya yi ɗorawa.

Tsira ga Manzo da alayensa,
Sannan in juyo kan tattaunawa.

Kukar gidanmu ta girmi ubana,
Kakana ya iske ta da inuwa.

Mun sha miyarta, mun tufka ɓawonta,
Igiyar gugan ba ta tsinkewa.

Yau ga ɗiya da littafi a hannu,
Wai Adansoniya aka cewa.

Wane ne Adanso? Ɗan wace unguwa?
Yaushe ya zo aka yi raɗawa?

Ba mu ga rago ba, ba mu ci goro ba,
Ba wanzami, ba mai shelantawa.

Malaman boko ku ba ni amsa,
In babu, ku bar yara su hutawa.

Malamar Kimiyya, Daura:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Darasin da nake koyarwa ke nan. Zan bi amon da ka ɗora.

Baba na ji kira, na durƙusa,
Ga 'yar Daura ta zo amsawa.

Wani malami ne a ƙasar Suwidin,
Liniyas, gwani wajen tsarawa.

A 1753 ya fitar da kundi
Na tsirran da ya iya ƙirgawa.

Ya ce suna biyu ya ishi kowanne,
Na gida a gaba, nasa na biyowa.

Mu sunan yaro ne ke gaba da na uba,
Su kuwa da na gida suke farawa.

Adanson Bafaranshe ne, matafiyi,
Ya zauna Senegal yana dubawa.

Shi ya rubuta siffar kuka,
Tukuicinsa sunan da kake jiyowa.

*Digitata* kuwa yatsu ke nan,
Dubi ganyen, hannu ne mai buɗewa.

Latin a wurinsu harshen karatu ne,
Kamar Larabci a zauren karantarwa.

Ga bedi, ga maina, ga darbejiya,
Ga dogon yaro, duk muna cewa.

Itace ɗaya ne da suna huɗu,
Mu kanmu Hausawa muna ruɗewa.

In ka ce *Azadirachta indica*,
Daga Sin har Misra ana ganewa.

Ɗan Gobarau:

Malama, Allah ya ƙara sani, amma ni ina bayan Baba. A yi mini afuwa, na canza amo.

Malama kin yi bayani sarai,
Amma da saura a zancen namu.

Ɗorawa mai kalwar daddawa,
*Parkia* ce a littattafanmu.

Mungo Park ke nan, mai bin Kwara,
Da ya halaka a Busa, cikin ruwanmu.

Gawo mai zubda ganye da damina,
Ya bar wa gero rana a gonakinmu,

An ba shi sunan Faidherbe, gwamna,
Sojan Faransa, ba masoyinmu.

Shi ya yaƙi Alhaji Umaru Futi,
A 1857, yana tarihinmu.

Ta bagaruwa ta fi ban haushi,
Sunan *Acacia* asalinsa namu.

Masana suka taru a birnin Biyana a 2005,
Aka ba Ostareliya, aka bar mu.

Yanzu *Vachellia* ake ce mata,
Ko shawara ba a yi da majemanmu.

Malamar Kimiyya, Daura:

Ƙanena ban musa ko ɗaya ba,
Wanda ya riga rubutu ke raɗawa.

Doka ce, sunan farko ke zama,
In an siffanta, an yi bugawa.

Sannan a busar da reshe da fure,
A manna a takarda don adanawa.

Akwai ɗakin adana su a Ibadan,
Na Kew a Ingila ya fi tarawa.

Amma ka duba sunan tsamiya,
Ba duka ne suka zo da Turawa.

*Tamarindus* ai tamar hindi ne,
Dabinon Indiya na Larabawa.

A Madrid kuma, a 2024,
Sunaye fiye da 200 sun sha gyarawa.

*Caffra* zagin baƙar fata ne,
Aka mai da shi *afra* don mutuntawa.

Sunan riga ce, ana canza ta,
Babban aikin shi ne dangantawa.

Hawa bakwai ne, ka ɗauko Katsina:
Masarauta a sama tana haɗawa,

Gunduma, ƙauye, sannan unguwa,
Zuri'a, gida, sai kai mai amsawa.

Ga zuri'a guda, *Malvaceae*,
Ku ji 'ya'yan, ku sha mamakin haɗuwa:

Kuka, lalo, rimi da auduga,
Goro, rama, kuɓewa da yakuwa.

Hajiya ta Ƙofar Marusa:

Ni dai jikana ke karanta mini, shi ke rubuta abin da na faɗa. Gardamar Turawan nan taku ce, amma tunda an taɓo miya dole in sa baki.

Ni ban yi boko ba, 'yata,
Makarantata murhu da tukunya.

Kin ce kuka da kuɓewa dangi ne,
Wannan na sani tun ina yarinya.

Lalo, kuɓewa, kuka, ukun nan,
Yauƙinsu ɗaya in sun shiga miya.

Maburgi ya san su, bai karanta ba,
Ki tambayi ludayi da muciya.

Furen rama da furen kuɓewa,
Rawaya ne da ja a tsakiya.

Auduga ma na yarda da ita,
Na ga furenta a gona da safiya.

Amma goro? Ki ji tsoron Allah,
Ɗan kurmin nan mai ɗaci da tsiya,

Ina shi ina gidan su kuɓewa?
'Yata, ki sake lale, ki faɗi gaskiya.

Malamar Kimiyya, Daura:

Inna, wallahi da kina ajina da na ba ki alli. Abin da kika gani a fure shi Liniyas ya gani, har ya sa kuɓewa gida ɗaya da rama da yakuwa, wato *Hibiscus*. Daga baya aka ware mata nata gidan, *Abelmoschus*, amma zuri'ar ba ta canza ba.

Inna, da can ido ne alƙali,
Fure da iri ake wa kallon tsakiya.

Goro da kuka a da kowa da zuri'arsa,
Har aka buɗe wata sabuwar hanya.

Ƙwayar gado ake karantawa,
DNA, mai riƙe da asalin zuriya.

Ƙarshen shekarun 1990 ta ba da shaida,
Aka mai da su ɗaki guda, inuwa ɗaya.

Kama da wane ai ba ta wane,
Kura ma ta ruɗi mutan duniya.

Kowa ya gan ta ya ce kare ce,
Alhali kyanwa ta fi kusa da ita a jiniya.

Jemage na tashi, ba ya ƙwai,
Nono yake ba ɗansa kamar akuya.

Ɗan Gobarau:

"Jiniya" fa, Malama? Amon ne ya matse ki, jini kike nufi. Mun yafe.

Dattijon Ƙofar Sauri:

Ɗiyata, zancen dangi na karɓa, tunda Hajiya ta shaida da maburginta. Na Adanso kuwa ina nan inda nike. Saura guda, tunda daga Daura kike.

Ke da kika san sunan kowa,
Ga wata 'yar tambaya mai sosawa.

Macijin nan na rijiyar Kusugu,
Mai hana ɗiba sai Juma'a ta zagayowa,

Gamsheƙa ne, ko kasa, ko mesa?
Wane Bature ya yi mashi raɗawa?

Malamar Kimiyya, Daura:

Baba ka zo da tsokanar Katsinawa,
To ga amsar jikar Daurawa.

Gamsheƙa *Naja* ce, kasa *Bitis*,
Mesa *Python*, duk an yi rubutawa.

Na Kusugu kuwa ba shi a kundi,
Sai da samfuri ake raɗawa.

Bayajida ya sare kan da dare,
Ya kai wa Daurama don shaidawa.

Aka shiga hidimar ɗaurin aure,
Ba wanda ya tuna da adanawa.

Sarki muke ce masa tun ran nan,
Ko Liniyas bai iya canzawa.