Motata tana zafi a hawan Tula, a fili kuma lafiya lau

Salamu alaikum. Wata tsohuwar Hiace na mayar ɗakin kwana: katifa, tankin ruwa lita 200, batura biyu na sola. Daga Gombe zuwa bakin dam ɗin Dadin Kowa ta je ta dawo, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Amma da na bar Kaltungo na kama hawan Tula a giya ta biyu, sai allura ta haye ja, lagireto na tafasa. Sau uku ke nan.

Bakanike ya wanke lagireto, ya canza fambel da murfi, kuɗi kawai na zubar. Babu farin hayaƙi, man inji bai gauraya da ruwa ba.

Masana mota, nauyin kayan ne, ko famfon ruwan injin zan sa a buɗe?