Magani mai kyau, awo daidai, amma babu sauƙi: a ina yake maƙalewa?

Mai harhaɗa magani:
Sallama gare ku 'yan'uwa. Kowa ya san wannan yanayi: majinyaci ya dawo ya ce magani bai yi ba, a duba a tarar maganin ba jabu ba ne, awon ma daidai. Kafin a ƙara awo ko a sauya magani, ina so mu tattaro wuraren da aka fi samun cikas tsakanin baki da jini. Bari in fara da sifrofuloksasin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. In aka haɗa shi da ruwan maganin olsa mai alminiyam ko magniziyam, ko ƙwayar ƙarin jini, ko kalsiyam, sai su manne da shi a hanji, su zama abin da bangon hanji ba ya iya tsotsa. Maganin olsar kaɗai yana iya rage abin da ke shiga jini da kusan kashi 90 cikin 100. A sha shi awa 2 kafin waɗannan, ko awa 6 bayansu.

Ma'aikaciyar jinya:
Malam, sannu da ƙoƙari. Akwai kuma kishiyar wannan, wato maganin da sai da abinci. Coartem na zazzaɓin cizon sauro haɗin magani biyu ne, atimita da lumefantirin. Lumefantirin ba ya narkewa sosai sai da maiƙo, ga shi mai zazzaɓin cizon sauro ba ya son ci. Ya sha da ruwa zalla, atimita ta sauke zazzaɓin da wuri, a ɗauka an warke, alhali abokin aikinta mai share ragowar ƙwayoyin cutar bai shiga jini yadda ya kamata ba. Bayan makonni ciwo ya dawo. Ko madara ce a ba shi ya kora. Sha 6 ne cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma in ya yi amai cikin awa guda a maimaita.

Sai maganar daka ƙwaya ga wanda haɗiya ke yi wa wuya. Nifedifin na hawan jini mai sakin kansa a hankali an ƙera shi ne ya raba aikinsa a tsawon sa'o'i. An daka, duka ya zuba lokaci guda, jini ya faɗi warwas. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kafson omefrazol na olsa kuwa, rigar da ke jikinsu ce ke kare su daga asid ɗin ciki. In aka tauna, aiki ya ɓaci.

Likita:
Sista ta yi gaskiya. Ni hanta zan taɓo. Duk abin da hanji ya tsotsa sai ya bi ta hanta kafin ya zaga jiki, ita kuma tana cire rabonta. Shi ya sa ake sa nitirogilisarin na ciwon zuciya ƙarƙashin harshe. In an haɗiye, hanta ta cinye kusan duka. Mofin mai kashe zafin ciwo ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke tsira in ta baki aka sha, don haka awon baki da na jijiya ba ɗaya ba ne.

Wanda ya fi yi wa mutane ba-zata shi ne rifamfisin na tarin fuka. Yana sa hanta ta ƙara yawan enzayim ɗin CYP3A4, wato sinadarin da ke rushe magani, da wasu 'yan'uwansa, sai ta riƙa rushe sauran magunguna da gaggawa. Mace na shan ƙwayar tazarar haihuwa kullum ba fashi, sai ga ciki. Kuma abin ba ya tsayawa ranar da aka daina rifamfisin, shi ya sa ake ci gaba da wata kariyar har kwana 28 bayan haka. Mai shan wafarin na hana daskarewar jini ma sai an riƙa auna INR, wato gwajin daskarewar jini, a farkon shan rifamfisin da kuma bayan dainawa, don bayan dainawar ne jini ke iya tsinkewa in ba a rage awon wafarin ba.

Mai harhaɗa magani:
Likita, a ƙara da lemon garehul, mai yin akasin haka. Yana kashe wannan enzayim a bangon hanji, sai simbastatin na rage kitsen jini ko felodifin na hawan jini su yi yawa a jini. Mutane na cewa "zan sha lemon da safe, magani da dare". Ba ya hanawa, don tasirin kan kai awa 24 zuwa 72 kafin hanji ya ƙera sabon enzayim.

Likitan tsofaffi:
Ban yarda duk laifin hanji da hanta ba ne. Wani lokaci gaggawarmu ce. Rabin-rayuwa shi ne lokacin da magani ke ɗauka kafin rabinsa ya bar jini, kuma sai ya yi rabin-rayuwa 4 zuwa 5 kafin ya daidaita a jini. Na amlodifin, maganin hawan jini, awa 30 zuwa 50 ne, wato sai kwana 7 zuwa 8. Wanda ya ninka awo a rana ta uku ya yi azarɓaɓi. Na lebotairoksin, maganin tairod, kusan mako guda ne, shi ya sa ba a sake gwajin tairod na TSH sai bayan mako 6 zuwa 8.

Rarrabuwa a jiki ma tana ruɗarwa. Kusan kashi 90 na fenitoyin, maganin farfaɗiya, a ɗaure yake da albumin, wani furotin na jini, sauran ne ke aiki. In albumin ya yi ƙasa, gwaji zai nuna magani ya yi kaɗan alhali mai aikin ya isa. A ƙara awo, majinyaci ya fara tangaɗi, ido na rawa. Dayazifam mai sa barci kuma kitse yake shiga ya kwanta, ga jikin tsoho kitse ya fi yawa, sai ya taru, a wayi gari Baba na magagi ko ya faɗi.

Ma'aikaciyar jinya:
Ranka ya daɗe, kodin fa? Wani ya sha kamar ruwa, wani kuma numfashinsa ya yi ƙasa.

Likitan tsofaffi:
Gado ne, Sista. Sai enzayim ɗin CYP2D6 ya mayar da kodin mofin sannan yake kashe ciwo. Wani bai gaji enzayim mai aiki ba, ko an ƙara masa awo babu amfani, sai a sauya magani. Wani kuma nasa gudu yake yi, mofin ya yi yawa, numfashi ya yi ƙasa. Tunda ba a gane su da ido, ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12, ba a kuma ba mai shayarwa.