Neman shawara: kwas ɗin sola na Asabar da Lahadi zai sa in iya aikin?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Ina aikin ofis Litinin zuwa Juma'a, ina so in koyi haɗa wutar sola ta gidaje a ƙarshen mako. Akwai kwas iri biyu a gabana: na wata uku Asabar da Lahadi a aji, da wani na intanet da daddare. Ban taɓa yin wayarin ba. Wanne zan ɗauka, kuma ta yaya zan gane kwas na ƙwarai kafin in biya?

Mai haɗa sola: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ɗauki na aji, amma kafin ka biya ka roƙi su nuna maka ɗakin aikin hannu. Ka ga fanal da batir da inbata da kwantirola (na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanal) a haɗe suna aiki, ka ƙirga mitar auna wuta nawa ce a kan tebur. In mutum ashirin za su taru a kan mita ɗaya, kallo za ka yi ba koyo ba.

Sai ka tambayi malamin ko ana koyar da lissafin lodi, don nan ne yawancin masu haɗa sola suke faɗuwa. Ga misalinsa. Ƙwan fitila 6 masu wat 10 na awa 5, wat-awa 300 ke nan. Fanka 2 masu wat 50 na awa 8, 800. Talabijin mai wat 60 na awa 5, 300. Ƙaramin firji ka ba shi kamar 1,000 a yini. Jimla 2,400. Amma ba duk abin da fanal ya samar ke isa soket ba, zafi da ƙura da waya da inbata suna cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka ka raba da 0.75, ka samu 3,200. Idan wurin yana samun cikakkiyar rana ta awa 5, kana buƙatar fanal na wat 640, wato guda biyu masu wat 400 sun isa har da rara. Batir kuwa, in na bolt 24 ne, ka raba 2,400 da 24, amfiya-awa 100 ke nan. In batir mai ruwa ne, ba a so a sha fiye da rabinsa, sai ka ninka ya zama 200. Na litiyam yana jure a sha kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, shi ya sa ƙarami ke wadatarwa. Duk kwas ɗin da bai sa ka yi irin wannan lissafi da biro sau da yawa ba, bai koya maka sana'ar ba.

Malama mai koyar da lantarki: Malam ya yi gaskiya, sai dai akwai abin da ya tsallake. Mai tambaya ya ce bai taɓa wayarin ba. Ƙanena, kada ka fara da hawa rufi. Makonni huɗu na farko su tafi a kan bolt da amfiya da wat, da bambancin siris da faralel: a siris, wato a jera su ɗaya bayan ɗaya, bolt ke ƙaruwa; a faralel, wato a haɗa kawuna masu alama ɗaya wuri guda, amfiya ke ƙaruwa. Wanda bai zauna da wannan ba shi ne ke ƙona kwantirola. A bayan kowane fanal akwai lambar Voc, wato bolt ɗinsa in ba a ɗora masa lodi ba. A ce 49 ne, ka jera uku, ka samu 147, kwantirolar kuma iyakarta 150, sai ka ce ai ka tsira. Amma wannan lambar an auna ta ne a zafin digiri 25, kuma sanyi yana ɗaga bolt ɗin fanal. Da sanyin safiya, a digiri 10, sai ya haura 150, kwantirola ta tafi. Shi ya sa ake barin tazara.

Na intanet ɗin ma kada ka raina shi, wannan ɓangare na karatu yana koyuwa da daddare. Aikin hannu ne ba ya koyuwa ta intanet.

Mai tambaya: Na gode Malama. To wane kayan aiki zan fara saya?

Mai gyaran inbata: Mita mai auna bolt, da mita mai baki wadda ake maƙala wa waya. Ka duba da kyau tana auna amfiyar DC, wato irin wutar batir da fanal, domin da yawa daga masu araha AC, irin wutar soket, kaɗai suke karantawa, a kan wayar batir sifili za su nuna maka. Sai filaya mai matse kan MC4 (mahaɗin wayar fanal), abin feɗe waya, da sukundireba masu rufin roba.

Bari in faɗa maka abubuwan da suka fi kawo inbata teburin gyara, ka sa ido ko ana koyar da su. Siririyar waya tsakanin batir da inbata ita ce ta farko. Lodin wat 1,000 a bolt 12 yana jan sama da amfiya 83, a bolt 24 kusan 42, a bolt 48 kusan 21. Wayar da ta yi ƙanƙanta sai ta yi zafi, bolt ya faɗi, inbata ta riƙa kuka tana ɗaukewa alhali batir a cike yake, mai gida ya ɗora wa batir laifi. Sannan sakin jiki wajen ɗaure kan batir: noti ɗaya da bai ɗauru ba yana iya narkar da kan gaba ɗaya. Dole a sa fiyus a wayar ja, wato ta ɓangaren (+), kusa da batir. Kuma ba a sa birekar AC a layin fanal, domin wutar DC ba ta komawa sifili kamar AC, in ta ja tartsatsi ba ta mutuwa da kanta. Tsarin haɗawa ma yana da ƙa'ida: batir da kwantirola tukuna, sannan fanal, don yawancin kwantirola daga batir suke gane ko bolt 12 ne ko 24. Wajen kwancewa kuma fanal ake fara cirewa. Firji da famfon ruwa suna jan ninki uku ko fiye lokacin tashi, ka sa wannan a lissafin inbata.

Mai haɗa sola: Ƙari a kan rufi. In kana arewacin ikwaita fanal ya kalli kudu, in kana kudanci ya kalli arewa, kuma kada kwanciyarsa ta gaza digiri 10 don ruwan sama ya riƙa wanke shi. A bar sarari a ƙarƙashinsa iska ta ratsa, tunda zafi na rage masa ƙarfi. Inuwar tankin ruwa ko reshe a kan fanal ɗaya tana jan duka jerin ƙasa, saboda haka a duba wurin da safe da yamma kafin a huda kwano. Ramin da aka huda ba a toshe da kyau ba, yoyo ne a damina ta farko.

Malama mai koyar da lantarki: A kan tambayarka ta asali, ƙanena: wata uku na Asabar da Lahadi kusan kwana 24 ne na aji. Za su ba ka harsashi, ba za su mai da kai oga ba. Ka tambaya ko makarantar tana haɗa ɗalibai da masu aiki a gidaje, in ba ta yi, ka nemi ogan da za ka riƙa bi ko da ɗaukar tsani ne. Ka kuma bincika hukumar da ta amince da takardarsu, domin a ƙasashe da yawa sai mai lasisi ke da izinin haɗa inbata da akwatin wutar gida. Kuskure a nan yana iya tura wuta cikin layin gari, ta kama ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton an ɗauke. Aikinka na farko ya zama ƙaramin fanal ɗaya, batir ɗaya mai bolt 12 da ƙwan fitila biyu. Ka riƙa auna batirin bayan ya huta kana rubutawa: mai ruwa in ya cika yana nuna kusan 12.7, in ya sauko 12.2 ya kai rabi, sai a kashe lodi.